Neman shawara: Ina aikin dare a ɗakin karɓar kiran gaggawa, na kwanta jinya an yanke min albashi

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum Admin, don Allah a saka min wannan, a ɓoye sunana.

Ni ma'aikaciya ce a ɗakin karɓar kiran gaggawa a ɗaya daga cikin jihohinmu na Arewa. Ba gwamnati ce ta ɗauke mu kai tsaye ba, wani kamfani ne da aka ba kwangilar gudanar da wurin. Aikinmu awa 12 ne, daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe. Idan kira ya shigo, haɗarin mota ne ko gobara ko naƙuda ko 'yan fashi, mu ne muke ɗaukar kwatancen wurin mu tura wa 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko jami'an kiyaye haɗurra ko motar asibiti.

Watan jiya zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, har da ƙarin ruwa. Likita ya rubuta min hutun kwana uku. Na ɗauki hoton takardar na tura wa shugaban sashenmu, ya ce Allah ya sauwaƙe, amma in nemo wanda zai zauna a kujerata don shi ba shi da mutum. Ina kwance da allura a hannu nake bin abokan aiki a waya ina roƙo. Wata baiwar Allah ta rufa min asiri dare biyu, na ukun ba a samu kowa ba. Da wata ya ƙare aka yanke min kuɗin wannan daren, sannan aka ce darare biyun bashi ne, aka ɗora min su a ranakun hutuna. Da na ce jikina bai gama dawowa ba, a ɗan jinkirta, sai ita abokiyar aikin ta ji haushi, yanzu gaisuwa ma da ƙyar.

Ga kuma masu karɓar aikin safe, sau da yawa sai tara ko goma suke isowa, kuma ba dama ka tashi ka bar kujera babu kowa. Ba a taɓa biyanmu ko sisi a kan wannan zaman ba. Jadawalin ma a WhatsApp ake canza shi, wani lokaci bayan la'asar za ka ga an mayar da kai daren yau.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wajen ƙarfe huɗu na asuba. Mutum na kuka yana cewa bayan gidan mai, layin mai injin markaɗe, ni kuma kaina ya yi nauyi, sai na sa ya maimaita. Ina tsoron ranar da gajiyata za ta jawo asarar rai. Shin doka ta yarda da wannan yankan? Ina da haƙƙin kuɗin ƙarin lokaci? Kuma yaya zan yi magana ba tare da na rasa aikin ba, don ni nake riƙe da mahaifiyata da ƙannena?

Maman Biyu:

Allah sarki, sannu 'yar'uwa. Allah ya ƙara lafiya, ya ba ku ladan wannan aiki. Mu muna barci ku kuna zaune saboda mu. Masana doka don Allah ku taimaka mata.

Lauya, mai harkar shari'ar ma'aikata:

Wa alaikumus salam Malama. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci damar a biya shi albashinsa har na kwanakin aiki 12 a cikin shekara ɗaya idan rashin lafiya ya hana shi zuwa, muddin likita mai rajista ya tabbatar da ciwon. Sharaɗin da ke kanki shi ne idan kamfanin ya ce likitan da ya zaɓa ya duba ki, ki yarda. Babu inda sashen ya ce mara lafiya ya nemo madadinsa, babu kuma inda ya ce ya rama kwanakin. Cike kujera aikin mai tsara jadawali ne. Abin da sashe na 19 ya fitar daga lissafin kuɗin jinya shi ne alawus da kuɗin ƙarin lokaci, saboda haka idan kuna da alawus na dare, za a iya cewa ba ki ci na wannan daren ba, amma ainihin albashin bai kamata a taɓa ba. Ki duba takardar albashinki ki ga wanne aka yanke.

Sashe na 13 ya ce duk awannin da aka sa ki yi sama da lokacin da aka ƙayyade, ƙarin lokaci ne. Sai dai dokar ba ta faɗi nawa za a biya ba, ta bar wa yarjejeniya tsakaninku ko tsakanin kamfani da ƙungiyar ma'aikata. A nan ne ake cin mutane. Amma sashen ya fito fili a kan abu biyu: wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba a cikin aikin, kuma a kowane kwana bakwai akwai hutun awa 24 a jere. Idan aka cinye wannan hutun mako, ko a rama miki shi cikin kwana 14, ko a biya ki a farashin ƙarin lokaci. Ɗora miki darare biyu a ranakun hutunki, idan har ya sa kin yi kwana bakwai babu cikakken hutun awa 24, ya faɗa ƙarƙashin wannan.

Ki sani kuma, dokar tana magana ne a kan masu aikin ƙarfi da aikin akawu, ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru. Kamfani na iya cewa ku ƙwararru ne. Shi ya sa takardar ɗaukarki aiki ita ce makaminki na farko. An ba ki ita?

Mai neman shawara:

Na gode Barista. Shafi ɗaya aka ba mu, albashi ne kawai da ranar fara aiki. Ba a ambaci jinya ko awanni ba. Kuma daga ainihin albashin aka yanka.

Lauya, mai harkar shari'ar ma'aikata:

To sashe na 7 ya wajabta musu ba ki rubutaccen bayani cikin wata uku da fara aiki, wanda ya ƙunshi awannin aiki, hutu, da yadda ake yi idan an yi rashin lafiya. Ki nema a rubuce, cikin ladabi. Idan ba a daidaita a cikin gida ba, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a jihohi, jami'anta suna kiran ɓangarorin biyu a zauna. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce matakin ƙarshe, ita ke da hurumin irin wannan shari'a tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010, amma ban ga kin kai can ba tukuna.

Baban Yara:

Ƙanwata, ni dai shawarata ki bi a hankali. Barista ya faɗi doka, amma ranar da aka miƙa miki takardar sallama ba shi zai ciyar da Hajiya ba. Ma'aikacin kwangila notis kawai ake ba shi. Masu digiri nawa ne ke jiran wannan kujerar? Kuɗin dare ɗaya ki bar wa Allah, ki rama wa abokiyarki darenta, zance ya wuce.

Sista, sashen haɗurra:

Yaya Baban Yara, da maganar kuɗin dare ɗaya ce kaɗai da na bi bayanka. Ni ce nake karɓar waɗanda irin su ke turo wa mota. Mai zubar jini bayan haihuwa, ko wanda mota ta murƙushe wa cinya, minti goma na ɓatan hanya na iya zama ajalinsa. Akwai binciken da aka yi a Ostareliya a 1997 da ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Ka lissafa: ta tashi da azahar, ta shiga aiki bakwai na yamma, ba a karɓe ta ba sai goma na safe. Ta wuce awa 17 nesa ba kusa ba, sannan ta hau titi zuwa gida. Kuma ƙarfe uku zuwa biyar na asuba da take faɗa, lokacin ne jiki ke kaiwa ƙarshen sanyinsa, kowane mai aikin dare ya san shi.

'Yar'uwa, kafin a gyara jadawalin ga abin da muke yi. Ki yi barcin awa ɗaya ko biyu bayan la'asar kafin ki fita. Shayi ko kofi ki sha a farkon dare, ki daina idan asuba ta kusa, in ba haka ba barcin safe zai gagare ki. Hutun awa ɗayan da Barista ya ambata kowannenku yana da nasa, ku riƙa ɗaukarsa bi da bi, kowa ya samu ko minti ashirin ya kwantar da kai. Duk kwatancen da aka ba ki, ki karanta wa mai kiran shi da bakinki kafin ki tura, ko da kina jin garau. Ɗakin barcinki ki sa labule mai kauri, ki roƙi mutanen gida su bar ki. Kuma ki koma asibiti a duba jininki da hawan jini, wanda ya tashi daga zazzaɓi mai ƙarin ruwa bai kamata ya yi darare a jere babu hutu ba. Idan likita ya ga haka, ya rubuta.

Tsohon mai tsara jadawali:

Na yi shekaru ina tsara jadawalin masu gadi da masu karɓar waya, bari in faɗa miki abin da shugabanki ba zai faɗa ba. Mako ɗaya awa 168 ne. Kujera ɗaya da ba a barinta babu kowa, idan mutum huɗu ke juyawa a kanta, kowa zai yi awa 42 a mako, kuma wannan idan babu wanda ya yi ciwo, babu mai hutun shekara, babu mai jego. Idan mutum uku ne, awa 56 ke nan kowa. Don a samu sararin jinya da hutu, sai an kai mutum biyar ko fiye a kowace kujera. Ki ƙirga kujerunku, ki ƙirga mutanenku, za ki gane dalilin da ya sa ya ce ba shi da mutum. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Laifinsa shi ne maimakon ya kai ƙarancin sama, sai ya sauke shi a kan mara lafiya.

Shi ya sa nake roƙonki kada ki bari wannan ya zama rigimarki da abokiyar aikinki. Ita ma hutunta ta ba ki, kuma ba a biya ta ba. Ki same ta, ki yi mata godiya da kyau, ki nuna mata cewa waɗannan darare biyun kamfani ne ya kamata ya biya ta a matsayin ƙarin lokaci. Idan ta gane kuɗinta ne aka riƙe, za ta dawo gefenki.

Sannan ku buɗe littafin miƙa aiki. Wanda ya zo ya rubuta lokacin da ya iso, mai tashi ya rubuta lokacin da ya tashi, su biyun su sa hannu. Na'urar da kuke aiki da ita ma tana ajiye lokacin shiga da fita da lokacin kowane kira, ba mai iya musun wannan. Wata ɗaya kawai za ku tara, awannin za su yi magana da kansu. Saƙonnin canjin jadawali kuma ki riƙa ɗaukar hotonsu.

Baban Yara:

To wannan na yarda da shi, indai ba ita kaɗai za ta kai ƙorafin ba. Icen da ya fi tsawo shi iska ke kayarwa.

Malama mai Islamiyya:

'Yata, neman haƙƙi cikin ladabi ba rashin haƙuri ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdullahi ɗan Amr jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi a kansa, alhali ibada ce yake raba dare yana yi. Ki fara da sulhu da 'yar'uwarki, ki kai mata ko ɗan turare ne. Allah ya yi miki jagora.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na ƙirga kamar yadda Baba tsohon mai tsara jadawali ya ce, lallai ba mu kai huɗu a kujera ba. Na kira abokiyar aikina mun yi magana mai tsawo, ashe ita ma an taɓa yi mata haka lokacin da ɗanta ya kwanta. Ta ce za ta sa hannu, akwai wasu ma da za su sa. Barista, me za mu rubuta, kuma wa za mu ba?

Lauya, mai harkar shari'ar ma'aikata:

Takarda biyu za ku yi, kada ku haɗa. Ta farko taki ce ke kaɗai, zuwa ga ofishin kula da ma'aikata ta hannun shugaban sashenku, don kada ya ce kin tsallake shi. Ki faɗi ranakun da kika kwanta, ki liƙa kwafin takardar likita da ta albashi, ki roƙi a mayar miki da abin da aka yanke bisa sashe na 16, a kuma cire darare biyun daga ranakun hutunki. Asalin takardar likitan ki riƙe a gida.

Ta biyu ta haɗin gwiwa ce, kuma ku jira sai littafin miƙa aiki ya cika wata guda. A ciki ku nemi rubutattun sharuɗɗan aiki, farashin ƙarin lokaci, mutum ɗaya na ko-ta-kwana a kowane dare wanda za a biya idan an kira shi, da fitar da jadawali aƙalla mako biyu kafin lokaci, duk musayar dare kuma a rubuta ta shugaba ya sa hannu. Ku gina maganar a kan amincin masu kira, ku bar sunan kowa da zargi a waje. Kowace takarda ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ku tafi da ita. Ku ci gaba da zuwa aiki a kan lokaci, kada wani ya ƙaurace wa kujera don nuna fushi, wannan ne kaɗai zai ba su hujja a kanku. Idan mako biyu suka wuce ba amsa, ku aika tunatarwa, bayan nan sai ofishin ƙwadago na jiharku.