Zan kai ziyara gidan aboki ɗan Momon a Yuta, ya zan yi da sallah?

Tsohon_Hedimasta:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san kudancin jihar Yuta ta Amurka ya taimaka min da shawara. Ina da wani aboki Bature tun zamanin karatu, yanzu duk mun yi ritaya, shi ya koma wani gari wai Sen Joj, hotunan da yake turo min duwatsun wajen jajawur kamar an watsa musu jar ƙasa. To ya dage sai ni da Hajiya mun je mun yi musu sati biyu idan mun gama ganin jikoki a Tekzas. Abin da ke damuna shi ɗan cocin Momon ne kuma tun da ya ajiye aiki kusan kullum in na kira sai ya ce yana hidimar coci, ni kuma kun san mai ritaya, salloli biyar a jam'i da karatun bayan magariba su ne suka rage min. Akwai masallaci kusa? Abinci fa? Kuma ba za su dame mu da wa'azi ba?

Direban_Nebada:
Wa alaikumussalam Baba. Ni a Las Begas nake, Sen Joj tafiyar awa biyu ce daga nan a mota, hanyar tana ratsa wani kwazazzabo na kogin Bajin da in ka ga yadda aka fasa dutse aka yi titin sai ka riƙe baki. Masallatan da na sani na Juma'a suna nan Las Begas ko can Solt Lek Siti, babban birnin Yuta, wanda ya fi awa huɗu, don haka ka sa a ranka yawancin sallolin kai ne liman Hajiya ce mamu. Maganar ƙasaru kuma tunda sati biyu za ka yi a wuri ɗaya ai ka wuce kwana huɗu, cikawa za ka yi, amma ka ƙara tuntuɓar malaminka.

Abu biyu da suke rikita baƙi. Mu a gida mun saba alƙibla gabas ce har ma cewa muke mutum ya kalli gabas, to a can arewa maso gabas ce kuma ta fi karkata arewa, ni kaina sai da na yi kwanaki ina gardama da wayata. Sai agogo, jihar Nebada inda Las Begas take tana bayan Yuta da awa ɗaya, in wayarka ba ta canja da kanta ba lokutan sallah za su zame maka.

Jan dutsen kuma ba wani abin mamaki ba ne, tsatsar ƙarfe ce a cikin yashin da ya daskare ya zama dutse, da can wajen duk tuddan rairayi ne irin na sahara. Tabbas zai kai ku gandun shaƙatawa na Zayon don bai kai awa ɗaya da garin ba. In bazara ce zafi yana wuce digiri 40, dutsen ba ya taɓuwa balle a ɗora goshi, ku tafi da darduma da ruwa mai yawa, kuma in aka ce akwai hadari kar ku shiga matsattsun lungunan nan, ruwa zai iya sauka a nesa ambaliya ta same ku rana tsaka.

Gaskiya_Ɗaci:
Baba ni dai ka yi hattara wlh, mutanen nan duk duniya ba wanda ya kai su yawon wa'azi gida gida, ba su ne masu farar riga da nakatayi ba? Kuma na ji ance mata da yawa suke aura.

Ɗan_Zangon_Kumasi:
Ɗan'uwa maganar auren tsohon labari ne, babbar cocin ta hana tun 1890, wasu 'yan tsiraru da suka ɓalle ne suke yi. Mu a Gana mun san su, gwamnatin Rolins ta taɓa dakatar da su a 1989 sai ƙarshen 1990 aka sake su, yanzu suna da babban haikali a Akra, ku ma a Najeriya akwai a Aba tun 2005. Wa'azi kam suna yi, amma in ka ce musu kai Musulmi ne ka gode ba sa ja da kai.

Maman_Biyu:
Baba ina wuni. Na yi shekaru ina aikin kula da tsofaffi a Solt Lek, don haka bari in faɗa maka abin da za ka tarar a gidan. Da ya ce maka yana hidimar coci ba wai zama yake a ciki yana addu'a ba. Su a matakin unguwa ba su da fasto mai albashi, shugaban ma aikin sa kai yake, to da mutum ya yi ritaya sai a ɗora masa wani abu, wannan ya koyar da yara ranar Lahadi, wancan ya riƙa duba wasu gidaje da aka ba shi ya ji ko akwai mara lafiya ko wanda haya ta gagara, wasu su wuni gaban kwamfuta suna tono sunayen kakanni don abin yana da muhimmanci a aƙidarsu, wasu kuma mata da miji su ɗauki wata shida zuwa 23 su tafi wata ƙasa aikin mishan da kuɗin fanshonsu. Suna fitar da kashi goma cikin ɗari na abin da suka samu, sannan Lahadin farko ta kowane wata suna azumi su tsallake abinci sau biyu su ba da kuɗin don mabuƙata.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne wata tsohuwa da nake kula da ita, ta haura tamanin amma tana da ɗan littafi na matan da za ta buga wa waya kowane mako. Sai na tuna mahaifina Allah ya jiƙansa, bayan ritaya daga masallaci sai benci a ƙofar gida, ga ilimi ga lafiya amma ba wanda ya taɓa ce masa Malam zo ka riƙe mana ajin Islamiyya. Ba wai ina yabon aƙidarsu ba ne kar Gaskiya_Ɗaci ya taso min.

Abinci: ba giya ba taba a gidan, nan ka huta. Amma suna cin naman alade, ka faɗa musu tun yanzu. Kuma ba sa shan kofi da shayi. Farin haikalin da za ka gani tsakiyar gari tun 1877 yake, ba a barin wanda ba nasu ba ya shiga ciki, harabar kawai. Sannan tun 2018 shugabanninsu suka ce ba sa son a riƙa kiransu Momon, gara ka tambaye shi abin da ya fi so.

Tsohon_Hedimasta:
Na gode ƙwarai Allah ya yi muku albarka. 'Yata maganar mahaifinki ta taɓa ni, don bencin nan ni ma ina da irinsa. Na yi wa abokin nawa waya ɗazu, ya ce ɗakin da za a sauke mu har ya auna alƙibla da waya ya manna takarda a bango. Amma maganar shayin nan fa ta fi komai tayar min da hankali, shekara arba'in ban taɓa karya kumallo babu shi ba. In na zo da ganyena da filas na dafa a kicin ɗinsu ba zai zama rashin kunya ba?

Maman_Biyu:
Ko kaɗan Baba, su ne ba sa sha, ba sa hana baƙo. Amma ka taho da 'yar butar lantarki, da wuya ka samu a kicin ɗin.