Muhawara: Shin kuɗi na iya sayo haihuwa?

Ɗan Auta: Salamu alaikum jama'a. Ga maganata, wanda bai yarda ba ya fito fili. Kukan ƙarancin jarirai da Japan da Koriya ta Kudu ke yi, rowar gwamnati ce ta jawo shi. A damƙa wa duk matar da ta haihu kuɗi masu kauri, kafin shekara biyar sai an nemi gado a asibitin haihuwa an rasa.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Auta, ai an riga ka gwadawa. A Hungary, tun 2020 macen da ta haifi 'ya'ya huɗu ba ta ƙara biyan harajin albashi har ta mutu. Akwai kuma bashin da ake ba ma'aurata, suna haihuwar na uku a yafe musu. Matsakaicin haihuwar mace ya hau zuwa wajen 1.6 a 2021, daga nan ya sake gangarowa. Alhali 2.1 ake nema kafin al'umma ta maye gurbin kanta.

Ɗan Auta: To ai ya hau, Malam. Da bakinka ka faɗa.

Malamin Lissafi: Hawan farko ba shi ne labari ba. A ganina masu niyyar haihuwa dama ne suka gaggauta don kada garaɓasar ta wuce su. Wanda ba shi da niyya bai motsa ba.

Uwar Tagwaye: Ku yi haƙuri maza, ku ba mai raino wuri. Ƙanena, wanda bai taɓa kwana da jariri mai zazzaɓi a kafaɗa ba, shi ke zaton kuɗin madara ne matsalar. Dubi Koriya ta Kudu, a 2023 matsakaicin haihuwar mace a can 0.72 ne, babu ƙasar da ta kai su ƙasa a duniya. Yarinya ta yi karatu kamar ta zauce, ta samu aiki da ƙyar, ba ta barin ofis sai dare ya yi. Kusan rabin mutanen ƙasar sun cushe a Seoul da kewayenta, gida ya yi tsadar da ba a magana. In ta haihu, ga kuɗin makarantun ƙarin darasi na yamma da yawancin yara ke zuwa, ga aikin gida da yawancinsa ita yake jira, ta dawo daga hutun haihuwa ta tarar sa'o'inta sun wuce ta. Nawa za ka ba ta ta sayi barci? Nawa ne kuɗin shekarun da za ta rasa a wurin aiki?

Dattijo: Hajiya ta taɓo wurin. Ni kuma in ƙara da aure. A Japan, cikin jarirai 100 wajen 2 kacal ake haifa ba ta hanyar aure ba. Ke nan in aure ya ragu, haihuwa ta ragu. Kai kana tanadin tukuicin mai jego, samari da 'yan mata ko zance ba sa yi.

Mai Kallo: Baba, ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Mutanen Japan sun kai miliyan 128 a 2008, a 2024 suka koma wajen miliyan 124. Tsibirai ne, yawancinsu duwatsu. In sun ragu ai sararawa za su yi.

Malamin Lissafi: Da raguwar ta taɓa kowane rukuni daidai da na bi ka. Amma yara ne ke raguwa, tsofaffi na ƙaruwa. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun haura. Fanshonsu da maganinsu daga aljihun masu aiki yake fitowa, masu aikin kuwa kullum ƙaranci suke yi. Akwai gidaje wajen miliyan 9 da ba kowa a ciki. Abin da ya fi tsaya mini a rai, a 2024 kamfanin Oji ya daina yi wa kasuwar Japan ƙunzugun jarirai, ya karkata ga na manya. Ɗan kasuwa ba ya son zuciya a lissafi, inda masu saye suke can yake bi.

Dattijo: Mu tsofaffi dai mun shiga uku da bakinka, Malam. Faransa ma da aka ce a ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, ai mun ga yadda aka cika tituna.

Mai Kallo: To su buɗe ƙofa baƙi su shigo mana.

Malamin Lissafi: Yana rage zafi, amma baƙon ma tsufa zai yi.

Ɗan Auta: Duk na ji. Amma har yanzu ina nan a kan cewa kuɗin da ake bayarwa ne bai kai ba. Ko kuwa gwamnati ta naɗe hannu?

Uwar Tagwaye: Wa ya ce ta naɗe? Ta gina gidajen raino, ta rage tsadar muhalli, ta tilasta wa uba ya ɗauki hutu shi ma ya san daɗin wankin tsumma.

Dattijo: Kuma ka tuna da Sin, yaro. Ta yi shekara 35 tana hana mutane wuce ɗa ɗaya. A 2016 ta ce a yi biyu, a 2021 ta ce a yi uku, a 2022 yawan jama'arta ya ragu, karo na farko tun 1961. 'Yan matan da ba a haifa ba a wancan lokaci, su ne iyayen da ake nema yau. Ko ka zuba dukiyar duniya ba za ka biya wadda babu ita ba.

Ɗan Auta: Wannan kam ta shige ni, Baba. Amma gidan rainon da Yaya ke faɗi, da me za a gina shi? Ba kuɗin ba ne dai?

Uwar Tagwaye: Kuɗi ne, amma ba na damƙawa a hannu da ka fara da shi ba. Kada ka sauya magana a tsakiyar kogi. Wai ma tukuna, kai 'ya'yanka nawa?

Ɗan Auta: Yaya, ko auren ban yi ba tukuna. Sai na samu gida.

Uwar Tagwaye: Dattijo, ga shaidarka nan ta kawo kanta. Bari in tashi, ɗaya ya farka, yanzu zai tayar da ɗan'uwansa.