4WD: wane suna za mu raɗa masa?

Jama'a, kalma nake nema, kuma ta aiki nake so, ba ta ado ba.

Shekaranjiya na yi tuƙin gwaji na wata ƙatuwar motar iyali, mai kujera bakwai da injin dizal. Na dawo na zauna zan rubuta yadda ta kaya, sai alƙalami ya cije tun a layi na biyu. A ƙofar bayanta an manna 4WD, wato four-wheel drive da Ingilishi, kuma kusan duk abin da ya burge ni game da motar a cikin ɗan rubutun nan yake. To me za mu kira shi da Hausa?

Kafin wani ya yi mini gyara: da gangan na ce tuƙin gwaji. Gwajin tuƙi shi ake yi wa mai neman lasisi, direba ake aunawa. A tuƙin gwaji kuwa motar ce a kan sikeli. Da keke ne da sai in ce ɗani aka ba ni, amma mai ɗani ba ya zuwa da niyyar saye.

Bari in faɗi abin da na gani tukuna. Kusa da giya akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa, an rubuta masa 2H, 4H da 4L. A 2H muka tashi, wato ƙafafun baya kaɗai inji ke juyawa, na gaba rakiya suke yi. Muka sauka daga kwalta muka shiga wani yashi mai laushi. Ba mu yi nisa ba bayan motar ya fara tono, ina taka totur tana ƙara nutsewa, yashi na feshi ta madubi. Yaron dillalin da ke gefena ya ce, "Yallaɓai, ɗaga ƙafarka, murɗa shi zuwa 4H." Na murɗa, wata 'yar koriyar fitila ta yi ƙyafta-ƙyafta a gaban sitiyari sannan ta tsaya cak. Na sake taɓa totur a hankali. Motar ta ɗago kamar an kama ta ta wuya an fizgo, muka fita. Inji bai ƙara ƙarfi ko kaɗan ba. Ƙarfin da ke zuwa wa ƙafa biyu ne aka raba wa huɗu.

Abin da ke neman suna ke nan.

Tun da na jefa wa jama'a tambayar, amsar da ta fi yawa zuwa yanzu ita ce "mota mai ƙafa huɗu". 'Yan'uwa, wace mota ce mai ƙafa uku? Ko akuya ma ƙafa huɗu gare ta. Ba adadin ƙafafu ake magana ba, adadin waɗanda inji ke juyawa ne. Ku dubi ɗaya rubutun da ake yi, 4x4: lambar farko ƙafafun motar ne, ta biyu masu aiki a cikinsu. Shi ya sa motar yau da kullum 4x2 ce, kuma akwai manyan motocin soja 6x6.

Wasu sun ce ai jif ce, a wuce wurin. Ba ni da rigima da jif, kalma ce da ta zauna daram. Daga Jeep ta zo, ƙaramar motar da kamfanonin Willys da Ford suka ƙera wa sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 1941. Sunan ya bi duk wata doguwar mota mai tudu, kamar yadda biro ya ɗauki sunan mutumin Hangari da ya ƙirƙiro shi. Don haka in SUV ake nufi, wato irin wannan doguwar motar mai tudu, jif ta wadatar, ba sai mun wahalar da kanmu ba. Sai dai jif siffar jiki take faɗa, ba abin da ke ƙarƙashi ba. Jif nawa ne yau a kan titi da ƙafafun gaba kaɗai suke tafiya? Ba iyaka. A ɗaya gefen kuma ga Audi Quattro ta 1980, gajeruwar mota mai shafar ƙasa, amma duk ƙafafunta huɗu na aiki. Quattro ɗin ma huɗu ne da Italiyanci. Wanda ya sayi jif yana zaton ya sayi 4WD, ranar da ya shiga taɓo zai gane kalma biyu ne.

Wani dattijon bakanike ya rubuto: "Ɗana, mu a gareji fowil muke cewa, kuma ba a taɓa kawo mana mota ba mu gane ba."

Gaskiya ne, Baba, kuma ni ba na cikin masu ƙyamar aro. Birki, totur, sitiyari, giya, salansa, duk aro ne kuma babu mai iya korar su. Matsalata da fowil ita ce an aro kai an bar gangar jiki. In ka warware ta, "ƙafa huɗu" kawai take cewa, kalmar da ke nuna aikin ita aka yar a hanya. Kai ka san abin da kake nufi don ka shekara talatin a ƙarƙashin mota. Wanda zai sayi motarsa ta farko ba abin da fowil za ta gaya masa.

"Giyar agaji" ma an kawo, kuma ta yi mini daɗi a kunne. Amma a ajiye ta, tana da wurinta, 4L ce.

Ga tawa. In mun tsaya gaban mota muna hira, cewa muke yi, "Wannan da gaba take ja." Haka muke faɗa ba tare da kowa ya koya mana ba. To wadda ake magana a kanta da huɗu take ja. Sai mu ɗaure jimlar ta zama suna: ja-da-huɗu.

Ginin ba baƙo ba ne. Haka aka gina tafi-da-gidanka, haka ja-gora, haka hana-salla da faɗi-ka-mutu: a ɗauko aiki a yi suna da shi. Na fara gwada "ja-huɗu" don ta fi gajarta, sai na ga tana nufin jan abu huɗu, kuma a rubuce wani zai ɗauka jajayen abubuwa ake ƙirgawa. Ɗan "da" ɗin nan shi ke riƙe da ma'anar.

Ku gwada ta a baki. "Jif ɗin nan ja-da-huɗu ce?" "A'a, jiki ne kawai." "Sa mata ja-da-huɗu kafin mu shiga yashin." Ba ta sarƙe harshe.

Wata malamar Hausa ta kama ni, kuma ta kama da kyau: "Malam, in 4WD ja-da-huɗu ce, mai aiki da ƙafafun baya fa? Ja-da-baya ke nan? Wa zai sayi motar da sunanta ja da baya?"

Na yi dariya har na ajiye waya. Malama, kin yi gaskiya, wannan gurbin an riga mu zama. Ja da baya na da ma'anarsa tun kafin a ƙera mota. Can sai dai mu tsawaita, mu ce mai ja da ƙafar baya, ɗayar kuma mai ja da ƙafar gaba. Ba dole ba ne 'ya'yan gida ɗaya su zo da tsayi ɗaya. Wani kuma ya ce ƙafafun baya turawa suke yi, ba ja ba. A ilimin injiniya haka ne. Amma a Hausa direba jan mota yake yi ko da a ciki yake zaune, kuma in ta tashi cewa muke ta ja. Ja ya fi igiya faɗi.

Yanzu ga inda na fi son mu daɗe, don a nan ne rashin suna ke jawo asara. Ja-da-huɗu ba iri ɗaya ba ne.

Da muka hau kwalta a dawowa, na manta maɓallin yana 4H. Na zo juyawa a wani matsattsen fili, na karya sitiyari har ƙarshe, sai motar ta fara turjewa. Sitiyari ya yi nauyi, tayoyi na ɗan tsalle suna ƙugi a ƙasa, ƙiƙ, ƙiƙ, kamar an taka birki rabi. Na zaci na ɓata wani abu. Laifina ne, ba na motar ba. In mota na kwana, kowace taya tafiyarta daban: ta waje ta fi ta ciki nisa, na gaba sun fi na baya faɗin zagaye. Tsakanin hagu da dama akwai wata dunƙulalliyar na'ura mai haƙora a tsakiyar aksil da ke barin kowace ta juya gwargwadon tafiyarta. Amma a irin wannan motar, in ka sa 4H, gaba da baya an ɗaure su tamau, dole su juya daidai wa daida. A yashi ko taɓo taya na ɗan zamewa ta sauke rikicin. A busasshiyar kwalta babu zamewa, sai ƙarfen ya sha murɗa. A daɗe ana haka, a ci tayoyi, a ƙarshe a ci akwatin da ke raba ƙarfin.

Na'urar nan mai haƙora, da Ingilishi differential, ina ba da shawarar mu kira ta raba-gardama. Aikinta ke nan ba ƙari: tayoyi biyu na jayayya kan wa zai yi sauri, ita ke shiga tsakani. Tana da rauni guda, in taya ɗaya ta rataye a iska ko ta faɗa santsi, ita za ta yi ta wulwulawa ɗayar na tsaye. Shi ya sa wasu motocin ke da maɓallin kulle ta. Kulle raba-gardama, kowa ya juya dole.

Da wannan sai rabon ya fito sarai. Irin wadda na tuƙa, ja-da-huɗu na sa-da-cirewa: ka sa a yashi, ka cire a kwalta. Akwai kuma na dindindin, mai raba-gardama ta uku a tsakanin gaba da baya, wanda ba ruwansa da kwalta. Range Rover ta fito da shi tun 1970, kuma Land Cruiser Prado ma haka take, tana ba gaba kashi 40 baya kashi 60 in hanya lafiya lau ce. Na uku shi ne wanda ke cikin yawancin ƙananan jif na zamani, inda aka fi rubuta AWD: motar na tafiya da ƙafafun gaba, in kwamfutarta ta ji sun zame sai ta aika wa na baya ƙarfi ba tare da ta tambaye ka ba. Wannan na ce ja-da-huɗu ɗan sa-kai. Kamfanonin su kansu ba su daidaita kan wane ne 4WD wane ne AWD ba, kowa na manna wanda ya ga zai fi saida masa mota, don haka kada mu ɗaure kanmu da haruffansu. Mu bi aikin.

Sai 4L, giyar agaji. Wani ya ce giyar rarrafe, ni ma ita na fi so, don abin da motar ke yi ke nan. Sai da na tsaya cik na mai da giya furi kafin ta shiga. Muka fuskanci wani tudu mai duwatsu, na ɗauke ƙafa daga totur gaba ɗaya, motar ta riƙa hawa da kanta, ba ta kai saurin mai tafiya a ƙasa ba. Akwai wasu haƙora na daban da ke rage gudu su ninka ƙarfi, a irin waɗannan motocin wajen sau biyu da rabi.

A nan dizal ke nuna kansa. Shi ba ya aiki da tartsatsin fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da in an fesa mai zai kama da kansa, dabarar da Rudolf Diesel ya tabbatar da ita a Augsburg ta Jamus a 1897. Irin wannan injin tun yana gurnani ƙasa-ƙasa yake ba da ƙarfinsa, ba sai an kai shi ga kururuwa ba. Injin Prado mai lita 2.8 na kai wa ƙololuwarsa, Nm 500, tun daga juyi 1,600 a minti. Abin da ake aunawa da Nm ɗin nan, torque, na rubuta shi ƙarfin murɗa, don a raba shi da ƙarfin doki. Ba wanda ya yi gardama a kai, na wuce. Dizal kuma dizal zan ci gaba da rubutawa, ko da yake da yawa gas suke cewa, don gas ya riga ya yi wa kansa ma'ana da yawa.

Akwai abu ɗaya da ya ƙara kwantar mini da hankali kan ja-da-huɗu, kuma a kan hanyar dawowa na ji shi a jikina. Wata mota ta tsaya ba zato a gabana, na danne birki, hancin jif ɗin ya duƙa, na ji duk nauyinta, sama da tan biyu, yana turo ni ta baya. Ta tsaya, amma ba da wuri kamar ƙaramar motata ba. Kowace mota da ƙafa huɗu take birki, don haka a nan babu abin da 4WD ya ƙara. Sunan da muka raɗa ja ya ce, bai ce tsayawa ba. Wanda ya ji "fowil" yana iya ɗauka motar ta fi ƙarfin santsi ta kowace fuska. Wanda ya ji ja-da-huɗu an gaya masa iyakar alƙawarin.

Baba bakanike ya dawo. Ya ce raba-gardama ta shige shi, har ya gwada ta a kan yaransa sun gane nan take. Giyar rarrafe ma ya karɓa. Ja-da-huɗu kuwa ya ce in je in rubuta abina, ba laifi, amma ranar da na kawo masa motar gyara in ce fowil, don kada yara su tsaya kallona.