Sarƙar gwal ɗin da Umma ta ba ni ta ɓace, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Umma ce ta sayo mini sarƙar gwal da 'yan kunnenta daga Makka, ta damƙa mini daren da za a kai ni ɗaki. Ranar Asabar na sa ta zuwa wunin biki, na dawo a adaidaita bayan magariba, na yi wanka na kwanta. Sai jiya Litinin na buɗe akwatin na tarar da 'yan kunne kaɗai, kuma na kasa tuna ko da hannuna na cire ta. Maigida ya ce a titsiye yarinyar da ke mini aiki, wata ƙawata kuma ta ce in sayi irinta ta GL, wato jabun gwal, in rufa wa kaina asiri. Saura mako biyu sunan ƙanwata, na san Umma sai ta dubi wuyana. A taimaka mini da shawara.

Wani ɗan kasuwar gwal: Wa alaikumus salam Hajiya. Fara da kayan da kika sa ranar, kafin a kai su wanki. Sarƙa ba kasafai take tsinkewa a tsakiya ba. Wurin da ke cin amana shi ne ƙugiyarta, musamman mai lanƙwasa irin ta harafin S, don gwal mai karat 21 taushi gare shi, yau da gobe bakin ƙugiyar yana buɗewa. Idan ta saki ba ta faɗuwa nan take, sulalewa take ta maƙale a duwatsun leshi, ko zaren mayafi, ko cikin rigar mama, ko ninkin zani a ƙugu. Ki shimfiɗa farin zanin gado, ki juya kowace tufa ki bi ɗinkinta da yatsa. Jakar hannu ma ki laluba tsakanin fata da shafin ciki, ƙaramar huda ta isa ta haɗiye sarƙa.

Ki karɓi hotunan bikin daga ƙawaye ki jera su bisa lokaci. Hoton ƙarshe da sarƙar ke wuyanki shi zai raba gardama ko a gidan biki ta faɗi ko ta iso gida.

Mai gyaran famfo: Tunda kin ce kin yi wanka, a daina sakin ruwa a banɗakin nan yanzu. Gwal ya fi ƙarfe nauyi ninki biyu da wani abu, ruwa ba ya saurin tafiya da shi, kwanciya yake a inda ya samu lungu. Ƙarƙashin kwanon wanke hannu akwai bututu mai lanƙwasa ko mai kamar kwalba. A tara bokiti, a warware shi da hannu, a juye abin da ke ciki a rariya. Magudanar ƙasa kuma a ɗage marfinta a zaƙulo gashin da ya taru, don sarƙa a gashi take naɗewa. In an riga an yi wanki a baho, a tankaɗe yashin bakin kwata. In inji ne, a duba robar bakin ƙofa da matatar da ke ƙasa ta gaba. Kada ki wahalar da kanki da mayen ƙarfe, ba ya kama gwal. Abin da ke aiki shi ne dare: kashe fitila, ki kwantar da tocila a ƙasa haskenta ya bi daɓe, ki bi ƙarƙashin gado da gindin bango. Sharar kwana ukun nan kuma kar a bari almajiri ya fita da ita.

Wata malamar Islamiyya: 'Yar uwa, ki yawaita Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, da addu'ar da aka koya wa Ummu Salama: Allahumma ajurni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Tunda kyauta ce kuma kin karɓa, ta zama dukiyarki, babu ramuwa a kanki. Da aro ne da hukuncin ya bambanta, don a mazhabar Malikiyya wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa irin kayan ado yana biya in ba shi da shaidar cewa ba da sakacinsa ya salwanta ba.

Batun yarinyar nan, a ji tsoron Allah. Ke da kanki ba ki tabbata sarƙar ta shigo gida ba. Ki ce wa kowa a gidan abu ya faɗi, a taya ki nema, wanda ya gani yana da tukuici. Wannan ya bar ƙofa a buɗe ko da wani ya ɗauka. Masu cewa a je wurin mai duba kuma, hadisi ne a Sahihu Muslim cewa wanda ya je ya tambaye su ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Cigiya a yi ta a ƙofar masallacin unguwar da aka yi bikin, ba a ciki ba, an hana.

Maman 'yan biyu: Ƙanwata, GL ɗin nan ki manta da shi. Matar da ta tsaya a shago a Makka aka auna mata abu a gabanta, tana ɗaga shi a tafin hannu za ta gane. Ɓatan sarƙa ƙaddara ce, uwa za ta yi faɗa ta huce, amma ta gano kin sa mata jabu a gaban dangi, wannan ya fi ciwo. Ki ba kanki kwana uku na nema. In shiru, ki je gida da kanki, ba ta waya ba, ba ranar taro ba. Ki bari ta idar da sallah, ki zauna a ƙasa ki ce, “Umma, na yi laifi, ki yafe mini.” Ki faɗi ranar da wuraren da kika duba, kar ki ɗora wa kowa. In kina tsoron hawan jininta, ki tafi da Gwaggo ko yayarki.

Ɗan kasuwar gwal ya ƙara da cewa: Akwai ma wani amfanin faɗa wa Umma da wuri: wataƙila rasit yana wajenta, kuma a jikinsa ake rubuta nauyi da karat. Ki juya 'yan kunnen ki duba hatimi. 875 na nufin karat 21, 916 karat 22, 750 kuma 18. Da wannan da hoto maigida ya je layin 'yan gwal ya ga shugabansu gobe-gobe, ya kuma shigar da rahoto wurin 'yan sanda. Gaggawar tana da dalili, tsohon gwal da aka saya ba ya daɗewa ake narka shi. Wajen cigiya kar a bayyana nauyinta, shi ne abin da za ki tabbatar da ita taki ce. 'Yan kunnen kuma ki kawo a matse musu maƙalinsu kafin ranar suna.