Ya faɗa ko ya ci gaba da shiru?

Maman Ummi: Salam jama'a, ina koyarwa a makarantar gwamnati nan Florida, abokin aikina malamin lissafi ya auri namiji, shekara shida hoton mijin nasa yana ɓoye a durowa, jiya wata ɗaliba ta ga zobensa ta tambayi sunan matarsa kawai sai ya yi shiru, wallahi ya ban tausayi, me zan ce masa?

Baban Sadiq: Tun 2020 kotun ƙolin Amurka ta hana korar ma'aikaci saboda wannan, amma dokar Florida ta 2022 ta taƙaita koyar da batun a aji, ya fara tuntuɓar ƙungiyar malamai tukuna.

Anti Hajjo: To iyayen yara fa? Ke dai Maman Ummi riƙe masa sirri, ki bari ya fito daga bakinsa ranar da ya shirya.