Kifaye 7 sun mutu min cikin kwana 6, ta ina zan fara gyara?

Mai tambaya, daga Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu kiwon kifin ado ku taimaka min da shawara, abin nan ya tsaya min a rai. Yarona ɗan shekara 9 ya daɗe yana roƙon a saya masa kifi, da ya kai izu goma a islamiyya sai babansa ya cika masa alƙawari. Mun sayo akwatin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 35, da ƙaramar filta mai soso, da fitila, da tsakuwa, da tsirrai kala uku. Mai shagon ya ce mu cika ruwa mu saki kifi a ranar, babu komai. Haka muka yi. Ruwan famfo muka zuba, muka saki golfish 4 da ƙananan kifayen nan masu launi da ake kira gofi guda 8.

Kwana na biyu ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara. Kwana na uku kifayen suka dawo sama suna buɗe baki. Yau kwana 6, saura golfish 2 da gofi 3. Tsirran ma ba su tsira ba: ɗaya mai dogon ganye da ratsin fari ya fara ruɓewa, mai faɗin ganyen da na binne cikin tsakuwa gindinsa ya yi laushi, na ukun kuma golfish sun tumɓuke shi. Sau uku muke ba su abinci a rana, fitilar kuma tun safe har dare in akwai wuta.

Jiya yaron ya yi kuka har ya ƙi cin abinci, ni kuma abin da ke damuna shi ne rai ne muka ɗauko muka tsare, haƙƙinsu yana kanmu. Shin in kwashe ruwan in wanke komai in sake daga farko? Kuma wane irin kifi da tsiro ne za su jure yanayinmu da rashin wutar nan?

Wani ɗan'uwa daga Kaduna:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, kada ki wanke akwatin nan, kada ki taɓa soson filta. Yau ɗin nan ki kwashe kamar sulusin ruwan, wato lita 15 zuwa 20, ki mayar da sabo, sannan ki tsayar da abinci na kwana biyu. Yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi.

Abin da ya kashe su ba cuta ba ce. Kifi yana fitar da amoniya ta gefen kuncinsa inda yake numfashi, kashinsa da ragowar abinci ma in sun ruɓe amoniya suke zama, ita kuwa guba ce. A kogi ruwa yana tafiya da ita. A cikin akwati babu inda za ta je sai in an samu wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin soso da tsakuwa. Kashi na farko suna juya amoniya ta koma naitirait, wanda shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska, shi ya sa kika ga suna haki a sama. Kashi na biyu suna juya naitirait ya koma naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, tsirrai ma takinsu ne. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyin da yawa. Kafin su yaɗu su iya ɗaukar nauyin kifi ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Ke kuwa kifi 12 aka sa kika zuba a ranar farko.

Da a ce kafin sayen kifi kika tambaya, sai mu ce ki cika ruwa, ki dasa tsirrai, ki kunna filta, ki riƙa yafa ɗan abincin kifi a ruwan da babu kowa har ya nuna, wato ƙwayoyin nan su yaɗu. Amma tunda akwai rai biyar a ciki, sai a lallaɓa da su: canjin sulusin ruwa kullum na mako ɗaya, daga nan bayan kwana bibbiyu, abinci sau ɗaya a rana, daidai abin da za su cinye cikin minti biyu. Farin da ruwan ya yi zai washe da kansa.

Wani matashi daga Gusau:

Anti ni dai da ni ne kwashe komai zan yi in wanke da ruwan zafi da gishiri in shanya a rana. Haka nake yi wa robar da nake kiwon tarwada duk lokacin da suka fara mutuwa, kuma yana yi min aiki.

Ɗan'uwan nan na Kaduna:

Ƙanina, tarwada daban. Ita tana da gaɓar da take shaƙar iskar sarari da ita, tana jure ruwan da gofi ba zai kwana a ciki ba, kuma kai kullum kana zubar da ruwan robarka kana cikawa. A nan in ta wanke, ɗan abin da ya fara taruwa na bakteriya a kwana shidan nan ya tafi, an koma ranar farko da kifayen da suka riga suka galabaita.

Wata 'yar'uwa daga Zariya:

Sannu 'yar'uwa, na san zafin ganin yaro yana kuka a kan abin da yake so. Ni maganar ruwa zan yi miki, don ban ga an taɓo ta ba. Ruwan famfo ana sa masa kilorin, kuma yana ƙona wurin numfashin kifi, yana kashe bakteriyar da Malam na Kaduna ya yi bayani. Ki nemi maganin cire kilorin a wurin masu sayar da kayan kifi, ɗigo kaɗan ake sawa a bokiti. In bai samu ba, ki tari ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya yi kwana ɗaya ko biyu kafin ki zuba. Sai dai ajiyewar ba ta cire nau'in da ake kira kiloramin, shi ya sa maganin ya fi kwanciyar hankali. Ni ruwan burtsatse nake amfani da shi, shi ma sai ya kwana. Ruwan 'yan ga-ruwa kuwa ki tambayi inda suka ɗebo, kuma ki lura ko jarkar ta taɓa ɗaukar kalanzir ko fetur.

Ki ware bokiti ɗaya da tiyo ɗaya na kifi kaɗai, kada omo ko sabulu su taɓa su. Ranar da soson filta ya toshe, ki matse shi cikin ruwan da kika kwaso daga akwatin, ba a ƙarƙashin famfo ba.

Sai abin da ya taɓa cin nawa kifayen, wanda mu mata ya fi shafa: maganin sauro. Na feshi da na kunnawa duk suna kashe kifi, ɗan kaɗan ya isa. In za a fesa a falon ki rufe akwatin ruf da leda ko jiƙaƙƙen tawul, ki kashe famfon da ke hura wa kifi iska, in akwai, don kada ya tura maganin cikin ruwa, sai an buɗe tagogi iska ta wanke ɗakin sannan ki buɗe. Ko turaren wuta zan yi, nesa da akwatin nake ajiye kasko. Wanda ya shafa mai ko turare kuma kada ya tsoma hannu.

Wani dattijo daga Jos, ya daɗe yana harkar:

'Yata, Allah ya yi wa yaron albarka a kan karatunsa. Sun faɗa miki gaskiya a kan ruwa, bari ni in yi maganar kifi da tsiro, don a nan aka cuce ki tun a shago.

Golfish da gofi ba abokan zama ba ne. Golfish kifin ruwa mai sanyi ne, yana da ci, yana da kashi, yana tonon ƙasa, yana cin ganye, kuma na gama-gari yana iya wuce santimita 20. Akwatinki lita 63 ne a lissafi, in an cire tsakuwa da ɗan sararin sama bai fi 55 ba. Ko guda ɗaya zai yi masa kaɗan in ya girma. Ki nemi mai babban akwati ko kwamin ruwa ki ba shi biyun nan, ko ki mayar wa mai shagon. Fitarsu kaɗai za ta rage fiye da rabin dattin da ke cikin ruwan. Ki zaunar da yaron ki gaya masa dalili, yara suna ganewa in aka nuna musu don lafiyar kifin ne.

Tsiron nan mai ratsin fari ki cire shi yau. Daga yadda kika kwatanta, irin furen tukunya ne da ake ajiyewa a falo, saiwarsa tana son ruwa amma ganyensa ba ya rayuwa a nutse. Ruɓewarsa ƙarin guba ce. Ki sa shi a kwalba, ganyen a waje, zai farfaɗo.

Mai faɗin ganyen ina kyautata zaton anubiyas ne. Wannan ɗan gida ne, asalinsa rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da kudancin Najeriya da Kamaru, kuma masu ado da tsirran ruwa a Japan da Turai suna ji da shi. Yana da wani kauri a kwance wanda ganye ke fitowa ta samansa, saiwa ta ƙasansa. Wannan kaurin ba a binne shi. Ki tono shi, ki yanke inda ya yi laushi da reza mai tsabta, ki ɗaure sauran a jikin dutse ko itace da zaren ɗinki. Cikin 'yan makonni saiwar za ta kama da kanta. Yana da jinkirin girma, ganye ɗaya a wata ma ya yi ƙoƙari, amma yana jure ƙarancin haske, wanda shi ne halin da rashin wuta ya sa mu a ciki. Haka ake yi wa wani tsiron ruwa mai suna jaba fan, shi ma ɗaurawa ake yi.

Sai ki haɗa da masu saurin girma, don su ne ke shanye datti. Balisneriya mai dogon ganye kamar ciyawa, a dasa ta a baya cikin yashi. Ga kuma kainuwa, wadda ba sai kin saya ba. Tana shan naitiret sosai, 'ya'yan gofi kuma suna ɓuya cikin saiwarta. Amma in daga kududdufi aka ɗebo ta, ki wanke ta ki ajiye a roba daban na mako biyu, saboda matsattsaku da ƙwan dodon koɗi da tsutsar mazari mai cin ƙananan kifi. Kada ta rufe fiye da sulusin saman ruwan, kuma in ta yi yawa a shanya ta a zubar a shara.

Fitila awa 6 ta isa a watan farko, daga baya 8. Wuce haka gansakuka za ta cinye miki gilashi. Kada hasken rana ya riƙa dukan akwatin ta taga. Kuma ki duba teburin da kika ɗora shi, lita ɗaya kilo ɗaya ce, da gilashi da tsakuwa kina maganar kilo 80.

Idan ruwa ya nuna, ki tsaya a kan gofi da filati, wani ƙaramin kifi mai haihuwa irin gofi. Ki ƙara uku ko huɗu, ki jira mako biyu, sannan ki sake ƙarawa, kada jimilla ta wuce goma. Mace biyu ga kowane namiji, in ba haka ba mazan za su wahalar da matan. Ki sani suna haihuwa kusan duk wata, ba ƙwai suke sakawa ba, don haka ki fara tunanin wanda za ki riƙa ba 'ya'yan. In kin sayo sabon kifi, ki bar ledar tana yawo a saman ruwan minti 15 zuwa 20, ki ɗan riƙa zuba ruwan akwatin a ciki, sannan ki kamo kifin da raga. Ruwan shago kada ya shiga naki.

Wani ɗan'uwa mai aikin sola, daga Katsina:

Hajiya maganar wuta ita ce fannina. Bakteriyar nan da ake ta magana iska suke buƙata, in filta ta tsaya awanni da yawa sukan fara mutuwa. Akwai ƙaramin famfon iska da ake jonawa a fawa bank, ba ya cin wuta sosai, zai iya kwana yana aiki. Ki haɗa shi da filtar soso irin wadda iska ke tafiyar da ita, kin huta da jiran NEPA. In kuma gidan da inbata, duka da fitilar ba za su yi masa nauyi ba.

Ki sayi ma'aunin zafi ki manna. Gofi sun fi son digiri 24 zuwa 28. A Afrilu Kano tana wuce 40 a waje, ruwa mai ɗumi kuma iskarsa kaɗan ce, don haka ki ɗaga murfin ki sa raga, ki juyo fanka tana busa saman ruwan, zai sauka da digiri 2 ko 3. Kada ki jefa ƙanƙara. Da hunturu kuma, Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan jawo musu cutar farin ɗigo. Hita mai wat 50 ta ishi akwatinki, in babu wuta ki lulluɓe shi da bargo da dare.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na canja ruwan da la'asar da wanda ya kwana a durom, na cire tsiron mai ratsi, ni da yaron muka ɗaure anubiyas ɗin a jikin dutse. Zuwa magariba gofin sun sauko daga sama. Golfish kuma wani abokin babansu mai kwamin ruwa a gida zai zo ya ɗauka gobe, yaron ya yarda bayan an yi masa alƙawarin kai shi ya riƙa ganinsu. Baba, saura tambaya ɗaya: ta yaya zan gane ruwan ya nuna har in ƙara kifi? Da ido ake gani?

Dattijon nan na Jos:

Ba a gani da ido 'yata, ruwa yana iya yin garau alhali da guba a ciki. Akwai kayan gwaji, na ɗigawa da na tsinken takarda, na ɗigawar ya fi daidai. Ki riƙa gwadawa sau biyu a mako. Amoniya za ta fara sauka, naitirait ya hau sannan ya sauka. Ranar da duka biyun suka nuna sifiri mako guda a jere, naitiret kuma ya bayyana bai wuce 40 a ma'aunin kayan gwajin ba, to ya nuna. In kayan gwajin ba su samu ba, ki ƙirga mako 6 daga yau ba tare da mutuwa ba. In kuma kin san mai tsohon akwati da kifayensa ke lafiya, ki roƙi guntun soson filtarsa, a kawo miki shi a jiƙe cikin leda a ranar, ki cusa kusa da naki, zai rage miki kwanakin jira. Ki ba yaron littafi ya riƙa rubuta ranar canjin ruwa da abin da gwaji ya nuna, in kun kai mako biyu ki turo mana lambobin mu duba.