Yara sun gama da bayan kujerun motata da shuri, ku ba ni shawara

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai tun jiya. Ina zaune a Garwa, unguwar Yelwa. Motar Corolla ce ta 2008, ta sauka a tashar jirgin ruwan Duwala bara kafin azumi. Shekara 4 ina zubin adashi saboda ita. Da kaina na je Ngaundare na hau jirgin ƙasa na kwana zuwa Yawunde, daga nan bas zuwa Duwala, na yi kwana 9 a ɗakin wani abokina ina jiran takardun duwan, wato kwastan, har sai da kuɗin abincina ya ƙare. Da na buɗe ƙofarta ranar farko, wallahi cikinta kamar ba a taɓa zama ba. Mun taho da ita a hankali, a gangaren dutsen nan na bayan Ngaundare zuciyata kamar ta faɗo.

To yanzu ni ke kai yara lekol kullum da safe. Da an tayar da mota sai su fara, dum, dum, dum a bayan kujerata, ina jin ƙafar har tsakiyar bayana. Jiya na leƙa da fitilar waya, sai ga sawun takalmi jere, jar ƙasa ta shige cikin yadin, aljihun bayan kujerar kuma ya yage daga gefe ya zo rabi. Robar ƙasan kujerar duk ta karce. Na goge da omo da burushi, wurin ya yi fari-fari ya fi da muni. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi alkawarin alewa, a banza. Kuma lallai ne in gyara kafin babbar Sallah. Me zan yi?

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa ba ka faɗa mana shekarun yaran ba, kuma su nawa ne?

Alhaji Sali Direba:
Ƙanina, kwantar da hankalinka, wannan ba matsala ba ce. Shekara 26 ina hanyar Garwa zuwa Ngaundare, kilomita sama da 270, babu irin fasinjan da ban ɗauka ba, har da mai amai da mai akuya. Magani ɗaya ne: ka kai ta wurin masu ɗinkin kujeru su rufe maka duka da fatar roba, gaba da baya, daga sama har ƙasa. Yaro ya yi shuri har ya gaji, da yamma ka sa tsumma da ruwa ka share. Kuskurenka shi ne omon nan da ka sa. Omo yana cin launin yadi, burushi kuma yana tayar masa da gashi. Sabulu kaɗan da tsumma mai ɗanshi ake sawa, a dinga dannawa ba gogawa ba. Kada wanda ya ce ka sa ruwan jabel mai farar da kaya ko fetur, ka ji na gaya maka.

Baban Hanifa:
Maman Sadik su 3 ne. Hanifa 7, sai 'yan biyu maza, shekara 4. Su ne masu aikin. Alhaji na gode, amma omon ba da yawa na sa ba, kuma da shi kowa ke wanke mota a bakin Binuwai. Rufe kujerun duka kuma gaskiya ba na so, yadin asalin ne kyan motar.

Hajiya Dije:
Hmm. Maza ke nan. Nawa maigidan da ya sayi tasa, wata 2 ledar kamfani na kan kujeru bai cire ba. Ranar da ƙaramin ya zubar da kunun gyaɗa a ciki, kwana 3 bai yi mana magana ba. Yanzu mu da yaran a kan mashin muke zuwa asibiti, mota na gida ƙarƙashin dalbejiya an lulluɓe ta da zane kamar amarya. In tayar mota ta yi faci a ranar ake gyarawa, amma famfon gidana wata 5 yana zuba. Ni dai ban ce komai ba.

Baban Hanifa:
Hajiya ni ban hana kowa shiga ba, ai kullum suna ciki, shi ya sa ma ta lalace.

Malama Asta:
Ina koyar da 'yan ajin reno, kullum ina tare da masu shekarun nan. Baban Hanifa, ka duba yadda suke zama. Kujerar mota an yi ta ne don babba. Yaro ɗan shekara 4 gwiwarsa ba ta kai bakin kujera, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, sai ta yi ta reto har ta yi tsami. Yana neman inda zai dogara ta ne, abin da ke gabansa kuwa bayan kujerarka ne. Ka sa musu wani abu a ƙasa da za su taka, ko ƙaramin kwali mai ƙarfi ko jakar lekol ɗinsu, ka kuma ɗan ja kujerar gefenka gaba tunda babu kowa a kai. Sannan a cire takalma da an shiga, a zuba a leda ɗaya. Ƙafa ba takalmi ba ta yaga yadi.

Alhaji Sali Direba:
Malama wannan dogon turanci ne. Mu da muka tashi a bayan a-kori-kura wa ya sa mana kwali? Yaro in ya yi shuri ka tsaya gefen hanya ka ja masa kunne sau ɗaya, shi ke nan an wuce wurin.

Malama Asta:
Alhaji ka ja kunnen yau, gobe ƙafar za ta sake yin tsami.

Baban Hanifa:
Malama na taɓa gwada cire takalman. A ƙofar lekol muka tsaya ina neman ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera, masu mashin na ta yi min oda a baya, har aka rufe ƙofa. Kuma 'yan biyun takalmansu iri ɗaya ne, sai rigima ta tashi kan na wane ne. Ba zan iya wannan kullum ba. Jan kunne kuma uwarsu ba ta yarda.

Ɗan Pitowa:
Ka dawo da ɗaya gaba kawai, ka raba su. In suna tare ne suke gasa.

Usumanu Mai Ɗinkin Kujera:
A'a, don Allah kada a sa ɗan shekara 4 a gaba. Motar nan tana da jakar iska a gaban fasinja, in ta fashe da ƙarfi take fitowa, daidai fuskar ƙaramin yaro. Sannan Alhaji, da girmanka, maganar rufe kujera duka akwai gyara. Yaya Baban Hanifa, duba gefen kujerar gaba ta wajen ƙofa, in ka ga ɗan ƙyalle ko tambari an rubuta AIRBAG, to akwai wata jakar a cikin kujerar, ta wurin ɗinkin nan take yagowa ta fito. In aka rufe da fata mai kauri an toshe mata hanya. Kuma kai ma ka san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi na haura digiri 40. Fatar roba baƙa in ta sha rana, yaro mai gajeren wando ba zai iya zama a kai ba.

Abin da nake wa mutane: bayan kujerar kawai nake rufewa. In yanko tamfol ko yadin katifa mai ƙarfi daidai faɗin bayan, in sa igiya a sama ta rataya a ƙarafunan matashin kai, wata a ƙasa ta zagaye gindin kujera, a kula kada ta kama wayoyin da ke ƙarƙashi. Ya sauko har ya rufe robar da suke karcewa. Ya yi datti ka kwance ka wanke ka shanya. Aljihun da ya yage kuma ana ɗinke shi da allurar hannu ba sai an kwance kujera ba, amma ɗinkin zai nuna.

Alhaji Sali Direba:
Usumanu kai yaro ne. Motoci nawa na rufe ban ga jakar da ta fashe ba? Mai tsarewa Allah ne. Tamfol kuma a cikin Corolla, sai ka ce motar kai awaki kasuwar Lahadi. Ƙanina ka bi tawa.

Baban Hanifa:
Usumanu, maganar ɗinkin zai nuna ce ta tsaya min. Gaskiyar magana motar ba tawa ba ce ni kaɗai. Yayana na Marwa ne ya cika rabin kuɗin, da sharaɗin bayan Sallah za ta koma wurinsa ta yi shekara, ko mu sayar mu raba. Bai san halin da take ciki ba. Shi mutum ne mai tsabta ƙwarai, ko goro ba a ci a motarsa.

Maman Sadik:
Au, to ai da wannan za ka fara, ba labarin jirgin ƙasa ba. Ka kira yayanka ka gaya masa. 'Ya'yanka ai 'ya'yansa ne.

Hajiya Dije:
Haɗa dukiya da ɗan uwa! Mu da injin niƙa muka haɗa da ƙanwata, yau shekara 3 gaisuwa sai a gidan biki.

Baban Hanifa:
Ba ku san Yaya ba ne. Ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi, kuma shirun ya fi zafi. Na fi so in gyara bai sani ba. Usumanu, in aka samo kujera tsohuwa a wurin masu kayan gyara aka ciro yadin bayan, launin zai zo ɗaya?

Usumanu Mai Ɗinkin Kujera:
Sai na gani da ido. Rana tana dusar da yadi, da wuya biyu su zo daidai. Turo hoton wurin da rana, ba da fitilar waya ba.

Alhaji Sali Direba:
In ka rufe duka da fata wa zai ga abin da ke ƙasa? Ka ce wa yayan ado ka yi mata. Ni na gama magana.

Baban Hanifa:
Alhaji zai ɗaga ya duba, na san halinsa. Bari dai in ga yadda gobe za ta kasance, yau ma sun yi har da waƙa suna bin kiɗa da ƙafa.

Ɗan Pitowa:
In sayarwa za ku yi nawa kuka sa mata? Injin bai taɓa buɗuwa ba?